Bashin Ruwa Na Cinye Ɗalibanmu, Mu Kuma Muna Zagin Su

Kwanakin baya na je tasha rakiyar wani baƙo, sai idona ya faɗa kan wani saurayi zaune a bayan Hilux ɗin da ake lodi zuwa mahaƙar zinariya ta Cibarakaten. Ya naɗe fuska da rawani, jarkar ruwa tsakanin ƙafafunsa. Ko cikin duhu ba zan kasa gane shi ba. Shekara uku na koya masa lissafi a lise nan Arlit, ya ci bak, ya samu burus, da hannuna na ɗaga jakarsa ranar da zai tafi jami'a Yamai.

Na ce, "Kai ɗana, me kake yi nan? Ba yanzu ake tsakiyar karatu ba?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Mushe, bashi ne."

Na sa ya sauko, muka koma gefe, ya ba ni labari. Watanninsa na farko a Yamai burus bai fito ba. Ga rajista, ga kuɗin ɗaki, ga abinci, ga takardun da ake bugawa kullum. Mahaifinsa ɗan kwangila ne da aikinsa ya ƙare tun da aka rufe mahaƙar Akokan, yaron kuwa ya san abin da ya baro a gida, bai iya buɗe baki ya ce a aiko ba. Wani abokinsa ya kai shi wurin wani mutum da ɗalibai ke kira mai taimako. Ya ba shi jika 50, bisa sharaɗin kowane wata ya kawo jika 10 na ruwa har ranar da zai iya kawo uwar kuɗin gaba ɗaya. Jingina kuma ita ce asalin takardar shaidar bak ɗinsa. Wata bakwai yana kai jika goma-goma, daga ɗan abin da mahaifiyarsa ke aiko masa na abinci, daga baya daga burus ɗin da ya fito. Ya biya jika 70, amma jika 50 ɗin nan suna nan ko dala ba ta ragu ba. Da ya kasa wata biyu a jere, sai aka haɗa ruwan da uwar kuɗi, bashi ya koma jika 72. Daga nan ya daina zuwa aji, ya sauya lambar waya, ya gudo gida a ɓoye, ya sauka wurin aboki, yana nufin ya je daji ya haƙo abin da zai fanshi takardarsa.

Na kai shi gida da kaina. Mahaifinsa, mutumin kirki da na daɗe da sani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ai shi ya ja wa kansa. Wa ya aike shi?"

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba mahaifin nan kaɗai ke faɗar ta ba. Na ji ta a ofishin malamai, na ji ta a majalisa bayan la'asar, ni ma da bakina na taɓa faɗar ta game da ɗan wani. Yau ina so in ce mana, iyaye da malamai, maganar nan zalunci ce, kuma ita ce babbar garkuwar masu ba da bashi da ruwa. Muddin muna faɗar ta, ƴaƴanmu za su ci gaba da ɓoye mana, wanda ya ɓoye ciwonsa kuwa shi maganin zai ɓoye wa.

Mu fara da tambayar da mahaifin ya yi: wa ya aike shi? Amsa ita ce mu. Wannan gari tun kafuwarsa garin ƙarshen wata ne. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1974 ta fara aiki a Akokan a 1978. Ma'aikacin kamfani yana da gida a site, ruwa da wuta da likita duk na kamfani ne, albashi kuma ba ya saɓa rana. Har Ƙaramar Paris aka riƙa kiran garin. A irin wannan wuri bashi ba abin tsoro ba ne. Mai kanti yana da littafi, mai nama yana da littafi, mai itace ma haka, kowa ya san in wata ya mutu za a share. Mutanen Bukoki da ba su taɓa shiga ƙofar kamfani ba, su ma da wannan ƙarshen wata suke rayuwa, domin abin da ya zubo daga site shi ke zagaya kasuwa. Yaranmu sun tashi suna jin ana cewa, "Je ka ce ya rubuta, sai ƙarshen wata." Sun koyi karɓar bashi tun kafin su koyi karatu, amma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu bambancin littafin mai kanti, wanda ba ya haihuwa, da bashin da ke haihuwa kowane wata.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila irin mahaifin yaron nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma sai ga takunkumi, ga rufe iyaka da Binin, kaya suka yi tsada a garin da komai da mota ake kawo masa daga nesa. A gidaje da yawa ƙarshen wata ya daina zuwa, amma al'adar jiran ƙarshen wata tana nan. Muka ci gaba da tura yara Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ko Tawa, ko Maradi, ko Damagaram, ko Agadas da ta samu jami'arta a 2014, muna cewa ai ya samu burus, kamar wanda ya samu albashin kamfani. Alhali kowa a ƙasar nan ya san burus na yin jinkiri. Shekara da shekaru ƙungiyar ɗalibai ta USN na yajin karatu a kan bashin burus, har a zanga-zangar 10 ga Afrilu 2017 a Yamai ɗalibi ya rasa ransa. Mun san wannan sarai, amma mun sallami yaro ɗan shekara goma sha tara da kuɗin mota da addu'a, ba mu tambayi abin da zai ci tsakanin saukarsa da fitowar kuɗin ba. Ɗan Yamai in ya rasa zai koma gidansu ya ci tuwo. Ɗan Arlit gidan wa za shi?

Yanzu mu yi lissafi, tunda shi ne sana'ata. Jika 10 a kan jika 50 kowane wata, kashi 20 cikin 100 ke nan a wata, wato kashi 240 a shekara. Ƙasarmu tana cikin ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na babban bankin BCEAO, kuma daga 1 ga Janairu 2014 aka ƙayyade cewa ruwan banki kada ya wuce kashi 15 a shekara, na ƙananan asusun ba da rance da sauran masu ba da bashi kada ya wuce kashi 24. Abin da ya haura wannan laifi ne da doka ke hukuntawa. Kenan ko da mafi tsadar ruwan da doka ta yarda da shi, jika 50 ba za su haifi fiye da jika 1 a wata ba. Mutumin nan yana karɓar ninki goma. In kuwa aka riƙa haɗa ruwa da uwa, ga yadda abin ke tafiya: 50 ta koma 60, 60 ta koma 72, 72 ta koma 86 da ɗoriya, a wata na huɗu an haura 100. Wata huɗu kacal bashi ya ninka. Babu sana'ar halal da ɗalibi zai yi ta riski wannan gudu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yaron nan ya iya wannan lissafi. Ni na koya masa jerin lambobi masu ninkuwa, ya ci maki mai kyau a kai. Sai dai na koya masa da harafi da alama a kan allo, ban taɓa cewa, "Ku ɗauka wani ya ba ku jika 50" ba. Ƴan uwana malamai, wannan laifinmu ne, mu karɓe shi. Muna kammala manhaja, muna alfahari da yawan waɗanda suka ci bak, sannan mu saki yara cikin duniya ba su san cewa darasin da suka rubuta a takarda shi ne igiyar da za a ɗaure su da ita ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce yaran yanzu don waya mai tsada da ɗinkin sallah da burge ƴan mata suke cin bashi. Akwai irinsu, ban musa ba. To amma ko yaro don wauta ya ci bashi, wautarsa ba ta halatta wa babba ya tatse shi ninki goma ba. In ɓarawo ya shiga gidan da aka manta ba a kulle ba, muna yi wa mai gida faɗa, amma ɓarawon muke kamawa. A nan kuwa mun juya abin: yaron muke zagi, mai cin ruwan kuma mu ba shi hannu a masallaci, mu kira shi Alhaji, mu gayyace shi ɗaurin aure.

Wasu za su ce ai ba dole aka yi masa ba, da ƙafarsa ya je. Wanda ya kwana biyu bai ci ba, mai ɗaki na buga masa ƙofa, ranar rufe rajista ta matso, ƙafarsa ce ta kai shi ko yunwa? Yarda tsakanin mai ƙoshi da mai jin yunwa suna kawai ta tara. Shi ya sa hukumomi a ko'ina ba sa barin wannan ciniki ga yardar mutum biyu. A Ingila, inda kamfanoni suka yi ƙaurin suna wajen ba da rancen kafin albashi, tun Janairu 2015 aka hana ruwa da tara su wuce adadin abin da aka ranta, kuma babbansu, Wonga, ya durƙushe a 2018. A Najeriya, manhajojin rance na waya sun kai ga aika wa dangi da abokan mai bashi saƙonnin tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Namu ba su da manhaja, amma makaminsu ɗaya ne: kunya. "Zan kira mahaifinka" ta fi kowace kotu tsoratar da ɗan Arlit.

Wasu kuma za su ce ai mun sha faɗa musu riba haramun ce. Gaskiya ne, kuma masu cin ta sun ji, shi ya sa suka sauya mata riga. Yanzu ba a cewa ruwa. Sai a sayar wa yaro buhun shinkafa bashi a kan jika 30, a nan take yaron shagon ya saye shi hannu da hannu jika 22, buhun ko motsawa bai yi daga inda yake ba. Ko a ce kuɗin godiya ne, ko kuɗin takarda. Malamanmu na fiƙihu sun san wannan dabara tun da daɗewa, ya kamata mu ji ta a huɗuba da sunanta da farashinta. Sannan addinin da ya haramta riba bai tsaya nan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Aya ta 280 ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. A Suratut Tauba kuma, waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da ake bai wa zakka. Mun riƙe haramcin muna dukan yaro da shi, mun ajiye sauran da ke neman mu sa hannu a aljihu. Wa'azin da ba ya tare da mudun gero, yunwa ce za ta yi nasara a kansa.

To, wanda ɗansa ko ɗalibinsa ya riga ya faɗa, me zai yi? Zan faɗi abin da muka yi, ba don ya zama tilas haka za a yi ba. Da farko na roƙi mahaifin ya ajiye faɗa sai an fita daga rami, domin ba a yi wa wanda ke cikin rijiya wa'azin hankali. Muka sa yaron ya rubuta komai a takarda: ranar da ya karɓa, nawa ya karɓa, kowace rana da ya biya, wa ke wurin. Rasit ɗin kamfanin aika kuɗi guda huɗu da ya ajiye sun yi mana amfani ƙwarai. Muka hana shi karɓar ko dala daga wani don toshe wannan, domin tsalle daga wannan rami zuwa wancan shi ne ke halaka yawancinsu. Muka hana shi sake yin magana da mai bashin shi kaɗai. Sai muka nemi wani dattijo ɗan garin nan mazaunin Yamai, ya ɗauki limamin unguwa suka je da takardar a hannu. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, jika 50 ka bayar, jika 70 ka karɓa. Ga lissafi, ga shaida. Ko mu ƙare a nan tsakaninmu, ko mu ƙare gaban hukuma, zaɓi naka ne." Mutumin ya yi ta kumfar baki, daga baya ya ce a ba shi jika 15 ya saki takardar. Aka ba shi don a huta. Ni har yau ina ganin ko dala bai cancanta ba, amma takardar ta dawo.

Kada a ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Shekarar karatu ta riga ta tafi. Abokansa sun wuce, shi zai maimaita, in har ya koma. Bashin jika 50 ya ci jika 85 da shekara guda ta rayuwar yaro mai ƙwaƙwalwa. Da ya faɗa tun watan farko, da taron mutum biyar a ƙofar gida ya kashe maganar. Da na tambaye shi me ya hana shi faɗa, sai ya ce, "Mushe, Baba ya sayar da babur ɗinsa ya yi mini kuɗin tafiya. Da wane baki zan ce bai isa ba?" Wannan yaron ne muke cewa shi ya ja wa kansa.

Abin lura a nan, ƙarfin mai ba da ruwa a duhu yake. Ranar da manya suka shigo da takarda da alƙalami, ya san doka ba ta tare da shi, ya san mutuncinsa zai zube. Mu ne muke ba shi duhun, da zaginmu da kunyarmu.

Saboda haka ina kira ga iyaye. Kafin yaro ya hau mota, ku zaunar da shi ku yi lissafin wata uku na farko kamar burus ba zai zo ba. In abin bai kai ba, ku faɗa masa gaskiya, ku nemi mafita tare. Ku haɗa shi hannu da hannu da wani babba a garin da za shi. Ku gargaɗe shi kada ya taɓa ba da asalin takardar shaida, ko katin banki da lambarsa, ko katin ɗan ƙasa a matsayin jingina. Sama da komai, ku ce masa da bakinku: "Duk abin da ya same ka, ko kai ka yi kuskure, ni za ka fara kira." Wannan jimla ba ta cin ko dala, amma iyaye nawa ne a cikinmu suka taɓa furta ta?

Ga malamai kuma, musamman na ajin ƙarshe, mu ware ko awa biyu kafin jarrabawa mu yi wannan lissafi da jika da dala, da Hausa da Tamashek in ta kama, mu rubuta kashi 24 a kan allo mu ja masa layi. Mu bar wa yara lambar wayarmu. Sau da yawa abin da yaro ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba zai faɗa wa mushensa.

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hana yaro zuwa wurin mai ruwa ba tare da buɗe masa wata ƙofa ba, aikin banza ne. Muna bukatar asusun rance marar ruwa na ɗaliban Arlit da Akokan, a hannun ƙungiyoyin iyayen yara da tsofaffin ɗalibai, wanda zai ba yaro abin da zai riƙe shi har burus ya fito, ya mayar ba ƙari. Kada wani ya ce mini ba za mu iya ba. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, matan karkara da ba su yi boko ba suka riƙa zuba ɗan abin da suke da shi cikin akwatin ƙarfe, yau ana kwaikwayon tsarin a ƙasashe da dama na duniya. In su sun iya, ta yaya garin injiniyoyi da malamai da ƴan kasuwa zai kasa? Iyaye 200 in kowa ya zuba jika 1 a wata, a shekara an tara miliyan 2 da jika 400. Wannan ya isa a ranta wa ɗalibai 48 jika hamsin-hamsin, kuɗin kuma su dawo su sake zagayawa. Attajiranmu masu fitar da zakka su tuna akwai masu bashi a cikin ƴaƴan maƙwabtansu.

Hukumomi ma ba za mu ƙyale su ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, aka ce arzikinmu ya dawo hannunmu. Madalla. To muna so mu ga alamar haka a kwanon ɗalibi. Fiye da shekara hamsin ƙasar nan tana haskaka biranen wasu, ba daidai ba ne ɗan da aka haifa a kanta ya jinginar da takardar bak ɗinsa saboda jika 50. A biya burus a kan lokaci, a kuma nuna wa masu cin ruwa cewa dokar da aka rubuta tana da haƙora.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda bai taɓa cewa a rubuta sai ƙarshen wata ba a garin nan, shi ya fara zagin yaron. Sauranmu kuwa, yau da dare kowa ya ɗauki waya ya kira ɗansa ko ƴarsa da ke jami'a. Bayan gaisuwa, kada a tsaya kan "ya karatu", a tambaya kai tsaye, cikin taushin murya: "Akwai wanda ke bin ka kuɗi?" In aka ji shiru ya yi tsawo a ɗaya ɓangaren, a haɗiye fushi, a ɗauko takarda da alƙalami.

Allah ya raba mu da ƴaƴanmu da bashin da ba ya ƙarewa, ya sa mu zama iyayen da ake gudowa wurinsu.